Leshin Gaisuwa a Ɗakin Haihuwa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Ga waɗanda yau sunka hwara cin karo da ni, sunana Surayya, 'yar Wurno, bazawara mai ɗiya biyu mata, Ruƙayyatu da Mairo. Tun da aurena ya mutu nike zaune gidanmu wurin mahaihiyata, Inno. Wadda tat turo min saƙo tana tambaya ko ni nas ta, ki gyara zama, don amsarki ita at tushen rigimar da nike ciki.

Ni ba nas ta ba, ba kuma ungozoma ba. Ba ni allura, ba ni yanke cibiya. Shekaru niy yi ina aikin gwamnati a wani ohis a Rabah, ni da takardu da hwanka mai ƙara. Aiki na mai mutunci: ki hita da sahe da jaka, ki dawo da marece da ciwon baya, in an tambayi uwarki ta ce ɗiyata tana ohis. Ranar da nij ji wata ƙungiyar mata tana koyar da rakiyar masu naƙuda a Sakkwato, nib ba da sunana ban shawarci kowa ba. Aikin shi na ki san mace tun tana da ciki, ki raka ta awo, ki ji tsoronta. Ranar naƙuda ki zauna da ita, ki murza mata baya, ki ba ta ruwa, ki tuna mata numhwashi, ki zama bakinta in nata ya ƙi buɗuwa. Ungozoma tana jiran jariri, ni uwar nike tsaro. Masu koya muna sunka ce sunan aikin dula.

Baffa Maccido, ƙanen marigayi mahaihinmu, shi ka riƙe da gidanmu. Da nih hwaɗa mai na aje aiki, sai da yac cire tabarau.

"Dila? Ki bar aiki mai hwansho ki koma dila?"

"Dula, Baffa."

"To mi ab bambanci? Ki zauna ki kalli mace tana haihuwa, ba ki ja ba, ba ki yanke ba. Ko bango na wanga aiki."

In kun ce mi yak kai ni, haihuwar Ruƙayyatu ta. Ranar nan ni ɗai nike bisa gado, ma'aikaciya guda tana ta kai da kawo tsakaninmu, baiwar Allah ba ta da hannu goma. Inno tana waje, kunya ba ta bari ta shigo ba. Ni ta ɗiyarta ta hwari, har yau sunana bai taɓa hita bakinta ba, "ke wagga" nike. Ban mutu ba, jaririya ba ta mutu ba, kowa yac ce barka. Ni ɗai nis san hannun da nim miƙa ƙarhen gado yak kama.

To, sai ga Alhaji Almustapha da maganar aure. Ɗan kasuwar albasa na daga Goronyo, dogo, baƙi, magana sai ta zama dole. Matatai ta rasu shekarun baya, bai ƙara aure ba, ba shi da ɗa. Ga irin saƙonninmu na Wasaf, ku ji daɗi:

"Salam. Kin tashi lahiya."

"Lahiya lau, Alhaji. Ya kasuwa?"

"Albasa ta hwaɗi."

Wasu ana turo musu hure da jan zuciya, ni labarin albasa nike karya kumallo da shi. Kuma kar ku yi min dariya, in gari ya waye ban ga saƙon ba sai in ji kunun ba ya wucewa.

Da anka sa ranar da za shi zo gaisuwa da yayanai, Malam Yusha'u, Baffa yak kira ni zaure.

"Alhaji mutumin kirki na. Amma ba shi iyawa da mace mai yawon ɗakunan haihuwa. Ki aje wanga abu naki, ko mu ba su haƙuri."

"Shi yac ce haka, Baffa?"

"Ni nic ce miki. Ko tuhumata kike?"

Ni da nike koya ma mata su buɗe baki su hwaɗi abin da suke so, nis sunkuyar da kai nic ce, "To, Baffa." Shi ma Alhajin ban tambaye shi ba. Ta ina zan hwara, tsakanin lahiya lau da albasa?

Mace guda tar rage a hannuna, Mas'uda, yarinya mai cikin hwari da anka kawo aure Dinawa. Mijinta Musaddiƙ direban babbar mota na, hiye da rabin wata shina kudu, ya bar ta da uwatai, Goggo Sabuwa. Shi da kainai yar roƙe ni in tsaya mata. A lissahin awo da sauran makonni, don haka nic ce a raina in na rabu da ita lahiya sai in ruhe shago.

Ranar gaisuwa gidanmu ya cika da ƙamshi tun hantsi. An yi hwankasau da miyar taushe, an dahwa shinkahwar hwadama, Inno ta dama hura da nonon da tas sa aka kawo mata daga ruga. Ni kuwa nis sa leshi ruwan zuma mai duwatsu, wanda telan yas sa ni zarya kamar ina neman aurenai. Lalle baƙi har gwiwar hannu, ɗaurin ɗankwali da ƙanwar maƙwabciyarmu tak kahe min da allurai har kaina na sara. Ina gaban madubi bayan azahar, waya tay yi ƙara. Saƙon murya na daga Mas'uda.

"Anti Surayya, ina wuni. Ba komi hwa, gaishe ki nike. Na ce bari in ji ko kin..." Sai shiru. Shirun nan mai nauyi, kana jin mutum ya danne haƙora. Can tad dawo da 'yar dariya. "Bayana na ɗai ka ɗan riƙewa. Kar ki damu, na san yau kina da baƙi."

Na san wagga dariya. Ni ma na taɓa yin ta.

Nik kira ta. "Mas'uda, tun yaushe?"

"Tun asuba."

"Ruwa ya hita?"

"Ɗazu. Anti, don Allah kar ki hwaɗa ma Goggo."

Inno tash shigo da kaskon turaren wuta, tad dubi huskata a madubi.

"Ke wagga, mi na na?"

"Yarinyar Dinawa ta, Inno."

"Baƙi na bisa hanya."

"Na sani."

"Cikin hwari na?"

"I."

"Uwatta na kusa?"

"Tana Kagara."

Inno tad dubi hayaƙin da ka tashi tsakaninmu. "Ko tana kusa, waje za ta tsaya," tac ce, ba ta kalle ni ba. Tat tura kaskon gindin gado, taj jawo jakata ta aiki, tas saka tsohon zanenta da dabinon baƙi. "Ni ban gan ki ba. Ƙohwar baya a buɗe take, awaki nike so su sha iska."

Nih hita ta baya da takalmi mai tsini, ina tattare leshi, ina addu'ar Allah Shi kawo ɗan kabu-kabu. Allah Ya ji, sai dai ba kabu-kabu Yak kawo ba. Gindin dogon yaron bayan gidanmu mota ta hwara tsaye, a ciki Alhaji Almustapha cikin shadda hwara ƙal da hula zanna. Ashe sun iso da wuri, yayanai ya shiga masallaci, shi kuma kunya ta hana shi tsayawa ƙohwar gida.

"Malama Surayya? Ina zuwa haka, mu da munka zo wurinki?"

Ƙarya uku sunka zo min baki, ba wadda tad dace da jaka da leshi. Nic ce, "Alhaji, mace na naƙuda a Dinawa, ita ɗai take."

Huskatai tac canza. Nic ce shi ke nan, na kashe aurena tun bai haihu ba. Yam miƙa hannu yab buɗe ƙohwa.

"Shiga."

Yat tura ma yayanai saƙo su hwara ba shi, yat tada mota. An hesa turare iya hesawa, amma albasa tana ƙasa tana jiran ya gaji. Har munka isa ya riƙe sitiyari kamar za a ƙwace mai. Ni kuwa ina ta tsara yadda zan ba Baffa haƙuri.

Goggo Sabuwa, uwar mijin Mas'uda, tana tsakar gida tana ɓarar wake. Tad dube ni sama da ƙasa.

"Biki aka yi ba a hwaɗa muna ba? Mas'uda lahiya lau take, ɗazu tag gama wanke-wanke."

Nis same ta ɗaki durƙushe, ta rungume ƙahwar gado, ta cusa bakin ɗankwali cikin baki. Zuhwa ta jiƙe ta sharkaf. Nid durƙusa, nid danna mata ƙugu da tahin hannu har ciwon yal lahwa, niz zare ɗankwalin.

"Za mu asibiti, kamar yadda munka shirya da ke da Musaddiƙ. Kina so?"

Taɗ ɗaga kai.

"Da baki, Mas'uda."

"Ina so, Anti."

Goggo tana bakin ƙohwa, ta ji komi. "Asibitin mi? Mu duk ɗiyanmu bayan ɗaki munka haihe su, ko kaza ba ta ji ba."

Abu guda wanga aiki yak koya min, ba a gardama da tsohuwa a gidanta. Nic ce, "Goggo, ai irinku an daina yi. Mu 'yan yanzu ragwaye na, sai da dattijuwa a kusa. Ki taimaka ki zo ki tsaya muna." Nik kira mata Musaddiƙ yaƙ ƙara da nashi roƙo. Tay yi tsaki, tac ce duniya ta lalace, tat tahi ɗauko hijabi.

Da munka hito da Mas'uda, Alhaji yak kau da kai. Yaj ja mota a hankali, kowane rami sai ya tsaya ya gaishe shi. Goggo tag gaji.

"Malam, tuƙa mana! Ai ba gawa kaɗ ɗauko ba."

Nig ga kahwaɗatai ta girgiza kamar an watsa mai ruwan sanyi. Yat taka mota.

Ungozomar da ka aiki ranar ta san ni. Tad dubi lalle, tad dubi leshi. "Yau kuma amarya anka turo muna?" Tad duba Mas'uda tac ce komi na tahiya daidai, sai haƙuri. Ita tak koma ga aikinta, ni nik kama nawa. Nic cire takalmi, niɗ ɗaura zanen Inno bisa leshi. Munka yi ta tattaki a baranda, ta rataya a wuyana. In ciwo ya taso mu tsaya, in danna ƙugu, mu ja numhwashi tare, mu sake. Dabino ɗaya, ruwa kurɓi ɗaya. Da abin yak kai inda ya kai, nig ga tana laluben abin cizo.

"Yi kuka, Mas'uda. Ba wanda ka saurare."

"Goggo za ta ji."

"Goggo na waje tana koya ma masu jinya yadda aka haihuwa a zamaninsu."

Tay yi dariya, dariyar taj juye ihu. Jama'a, yarinyar nan da ko sallama sai ka kasa kunne, ashe murya gare ta! Tak kira Innarta, tak kira Musaddiƙ da motatai da mai motar, tay yi rantsuwa in ya dawo ɗakin Goggo za shi kwana har abada. Tac cahe hannun leshina, nij ji ɗinki na kukkucewa, duwatsu na zuba bisa siminti. Ungozoma na cewa yunƙura, ni ina bakin kunnenta ina cewa ga ni, ban tahi ba, kin kusa. Rana na shirin hwaɗuwa yaro yah hwaɗo, yac cika ɗakin da tsiwa.

Anka aza mata shi bisa ƙirji tana kuka tana dariya. Da za a gyara ta, ungozoma tan naɗe shi tam miƙo min. Na riƙi jarirai da yawa a wanga aiki, hannuna ya saba. Amma wanga da yal lahe a wuyana, ɗumi, da ƙamshin nan nasu da ba a saidawa ko'ina, sai nij ji wani abu ya motsa can ƙasan cikina. Ban taɓa hwaɗa ma kaina ba sai a wurin: ina son in ƙara haihuwa. Ko sau ɗaya, ina ihu son raina, hannuna cikin hannun mutum. Har nig gan shi, ɗan dogo, baƙi, mai ƙarancin kuka.

Nim miƙa ma Goggo jikanta, nih hito neman Alhaji in yi godiya in karɓi sallamata. Ba shi cikin mota. Shina ƙasa zaune, ya jingina da taya, shaddar nan hwara cikin ƙasa, hula a gwiwa. Numhwashinai sama-sama.

"Ta...?" Bai iya ƙarasawa ba.

"Ta haihu, namiji. Duk suna lahiya."

Sai ƙirjinai yaƙ ƙara sama da ƙasa. Ban san sa'ad da nit tsuguna ba. "Alhaji, dube ni. Ja ta hanci. Riƙe. Saki a hankali. Ƙara." Haka niy yi rakiyar naƙuda ta biyu a rana ɗaya, ta mai saida albasa, masu wucewa na kallo.

Da yan natsu yac ce, "Ihunta nij ji har nan."

"Ka yi haƙuri."

"A'a. Daɗi nij ji." Yas share huska da hula. "Matata Halimatu Sa'adiya ba ta yi ba. Da sahe tak kawo min kunu tana murmushi, nit tahi kasuwa. Ashe tun dare take ciki, ba ta hwaɗa ma kowa ba. Da anka kira ni an riga an ruhe su, ita da yaron. Wurin ta'aziyya mata na ta yabonta, wai ko tarinta ba a ji ba." Yad dube ni. "Da nij ji akwai wata a Wurno da ka zama da mata har su sauka, nic ce a nuna min gidansu."

"Baffa yac ce ba ka son aikin."

"Ni? Ce mai niy yi motata na hannunki duk sa'ad da anka kira ki. Yac ce in bar wagga magana, shi za shi gyara ki."

'Yan uwa, da ba don mutane ba da na yi guɗa da kaina. Ga miji, ga aiki, ga direba. Ina cikin murmushi yac ci gaba.

"Abu guda nike roƙo, Malama Surayya. Kina da ɗiya biyu, na ɗauke su nawa, sun ishe mu. Matan mutane, in kai ki wurinsu ko ina na. Amma ba ni iya zama bakin wagga ƙohwa ina jiran matata. Haihuwa ta Allah ta, na sani. Ni dai ba ni nemanta. Mu tahi tare likita shi ba mu shawara."

Wuyana bai huce daga ɗumin jaririn ba. Nib buɗe baki, sai ga Goggo Sabuwa ta hito tana kiran Malam direba shi zo shi yi ma yaro huɗuba tunda ubanai na kudu. Yat tashi yak kakkaɓe shadda, yab bi ta. Ta taga nig gan shi ya riƙe jaririn nesa da jiki kamar garwashi, shina kiran salla a kunnenai.

Munka iso gida an idar da magariba. Baffa da Malam Yusha'u sun cinye hwankasau, sun gama magana, sun hwara ta siyasa. Baffa yad dubi hannun leshina guda a yage, ƙahwata ba takalmi, yaj ja numhwashin da za shi hwara wa'azi. Alhaji yad durƙusa yar riga shi. Ban ji duk abin da yac ce ba, na shige ciki. Jim kaɗan sunka yi sallama, don ba mai son dare shi same shi bisa hanyar Goronyo. Baffa yal leƙo tsakar gida.

"To, ya ce ya ji ya gani. Ki riƙe aikinki. Ni dama gwada ki nike."

Maƙwabta sunka ɗauki guɗa. Kowa na ce min Surayya kin ci riba, wa ya taɓa samun irin haka. Nish shige ɗaki nij ja labule. Mas'uda ta turo hoton yaron da wayar ungozoma, ya dunƙule hannu gehen kunci. Ƙasan hoton saƙon Alhaji na: "Ina jiran amsa."

Nir rubuta, nig goge. Nir rubuta, nig goge. Can nic ce in ban hwaɗi yau ba, ba ni ƙara hwaɗi. "Alhaji, na ji roƙonka, kuma na san daga inda yat taso. Amma ni ina son ɗa. Naka." Nit tura, nik kihe wayar bisa katihwa kamar za ta cije ni.

Da niɗ ɗaga ya karanta. Shina rubutu. Ya daina. Shina rubutu. Ya daina. Sai yas sauka gaba ɗaya.

Niy yi isha'i, nis sa yara sunka kwanta, niz zauna bakin gado ina zare alluran ɗankwali ɗaya-ɗaya. Har na hwara gaya ma kaina dama albasa na sa ni hawaye, Inno taɗ ɗaga labule.

"Mutumin Goronyo ya juyo daga hanya," tac ce. "Shina zaure. Ya ce ba Baffanki shike nema ba."